Rasuwar Hajiya Kyauta, Kyamarar Malam Ilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haƙurin da ya wajaba a kan duk wanda aka yi wa rashi, Malam Ilu mai hatsi na Dutsin-Ma da mai ɗakinsa Turai suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamararsu, Hajiya Kyauta. Ta cika a garin Kurfi ranar Asabar da hantsi, bayan doguwar jinya, tana bakin aikinta, a hannun mai ita.

Marigayiya ta shigo gidan ne shekara goma sha wani abu da suka wuce, cikin tsarabar da Alhaji Ummaru, wan Malam Ilu, ya yo daga aikin Hajji. Kowa ya samu carbi ko hula, shi kuwa Malam Ilu aka miƙa masa ita a naɗe cikin sallaya. Saboda ba sayenta aka yi ba aka raɗa mata Kyauta, saboda kuma daga ƙasa mai tsarki ta fito Turai ta ƙara mata Hajiya, sunan ya bi ta. Baƙa ce, 'yar ƙarama, ba ta cika tafin hannu ba. In an taɓa ta sai ta ce "zuuu", ta turo idonta waje, ta tsaya tana nazari, sannan ta ce "ƙyas". Wanda duk ya zauna da Malam Ilu ya san wannan murya.

Alhaji Ummaru ya zaci ƙanensa zai riƙa ɗaukar biki da suna ne. Sai ga shi Malam Ilu ya juya wa mutane baya ya fuskanci gine-gine. Ranar kasuwa yana kan buhunan gero da dawa yana awo, washegari kuwa ya rataya Hajiya a wuya ya shiga gari. Sun ɗauki dutsen garin ta kowace fuska, damina da rani. Sun ɗauki tsofaffin soraye masu zanko, da ƙyamaren ƙarfe masu ƙusoshi, da layin teloli kafin a canza masa rufi, da rumfunan kasuwa na kara, da rijiyoyin da aka daina ja. Sun je Kutawa da Barkiya don rumbunan laka kawai. Duk inda suka tsaya, Malam Ilu yakan nemi dattijon wurin ya durƙusa ya tambaye shi wa ya gina, da wa ya zauna a ciki. Mutane suka sa masa Ilu mai hoton bango, bai taɓa jin haushi ba, don ya lura bangon da ya ɗauka bana, baɗi in ya koma sau da yawa shago yake tararwa da bulo da fenti.

Waɗanda suka san marigayiya sun shaide ta da gaskiya. Ba ta taɓa ƙara wa kowa fari ba, ba ta ɓoye tsagar gini don ta faranta wa mai gida rai. Ba ta da surutu, ba ta kai hoton wani inda bai aike ta ba. Tana da juriyar rana, ta sha kwana cikin aljihu ɗaya da goro ba ta yi ƙorafi ba. Ba a ɓoye cewa tana da nata halin. Akwai ta da cin batir, ba ta kuma son a gaggauta ta, shi ya sa a hotunanta da dama za a ga bindin jaki ko rabin mai tallar fura, waɗanda suka gifta lokacin da take nazari. Iyalinta sun yafe mata, suna roƙon duk wanda ta yanke wa kai ko ƙafa shi ma ya yafe.

Gini ɗaya ne ya gagare ta duk tsawon rayuwarta, shi ne zauren Baba Hamma na Kurfi, mahaifin Turai. Kakan Baba ne ya gina shi da tubali da azara, aka shafe shi da makuba, aka zana dagi a saman ƙofa. Tun Hajiya tana sabuwa Malam Ilu ya taɓa ɗaga ta a gaban zauren ranar da ya kai gaisuwa, Baba ya dube shi ya ce ƙofar gidansa ba wurin wasan yara ba ce, magidanci mai iyali kuma ya kamata ya san abin da zai yi da lokacinsa. Daga ranar, in za su Kurfi, a gida ake barin Hajiya. Malam Ilu ya san abin yana damun Turai, don a zauren nan ta yi rarrafe, kuma ba ta jin daɗin yadda mahaifinta yake kallon mijinta kamar wanda bai gama girma ba.

Ciwon ajalin ya samo asali ne a madatsar ruwa ta Zobe, bara waccan. Malam Ilu ya hau kwalekwalen wani masunci don ya ɗauki bakin dam ɗin daga cikin ruwa, ya miƙe tsaye duk da an ce ya zauna, shi da Hajiya suka afka tare. Shi ya fito da mura, ita ta fito ba magana. Ya binne ta cikin buhun gero mafi kyau a rumfarsa, ya hana a sayar da ko tiya ɗaya daga ciki, har ta farfaɗo. Sai dai ba ta koma daidai ba. Wani tabo ya fito a madubinta, murfin batir ya saki aka ɗaure shi da roba, "zuuu" ɗin nata ya koma nishi. Mas'ud mai gyara ya buɗe ta ya duba, ya rufe, ya gaya wa Malam Ilu a hankali cewa an daina yin kayanta, idon nan kuma sau kaɗan ya rage masa ya buɗe. Sai Malam Ilu ya daina buɗe ta. Yakan dai rataya ta su zaga gari, ya tsaya gaban gini ya kalla, ya shafa ta, su wuce.

Ana haka daminar bana ta tsaga zauren Baba Hamma daga sama har ƙasa. 'Ya'yansa maza suka taru suka ce a rushe shi kafin ya faɗa wa jikoki, Baba ya yi ta ja, a ƙarshe ya yarda. Jikokin suka fito da wayoyi za su ɗauka, ya kore su, ya ce ba ya son a kai masa gida duniya. Ashe kwanan baya ya ga wani hoto a bangon shagon wani amininsa, na tsohuwar rumfar da mahaifinsa yake zama a kasuwa, ya tambayi wa ya ɗauka, aka ce surukinka. Ana gobe za a rushe zauren ya kira Turai a waya ya ce ta gaya wa mijinta ya zo da abin nan nasa na Makka.

Turai ta isar da saƙon tana dariya tana share ido. Malam Ilu kuwa ya san halin da Hajiya take ciki, bai kuma san da wane baki zai ce wa Baba ba ta da lafiya ba bayan duk shekarun nan. Suka kama hanyar Kurfi da sassafe. Suka tarar da leburori zaune da diga da shebur suna jira, maƙwabta sun fito, Baba yana kan buzunsa a gefen ƙofa da 'yar rediyonsa wadda ba mai taɓa ta sai shi. Malam Ilu ya cire takalmi ya gaishe shi, Turai ta shige ciki.

"Zauren za ka ɗauka, ba ni ba," in ji Baba.

"To, Baba."

Ya ja da baya, ya daidaita tsayuwa, ya yi bisimilla ya taɓa ta. Hajiya ta yi nishi, ta ce "tit", ta yi shiru. Ya sake, haka. Ya ciro batiran ya murza su a tafin hannu, ya ɗan cije su, ya mayar. Ba labari. Zufa ta jiƙa masa hula. Shugaban leburorin ya fara duban rana yana cewa suna da wani aikin da azahar, wani yaro kuma ya yi dariya aka make shi. Malam Ilu ya riga ya fara shirya kalmomin ba da haƙuri a ransa lokacin da ya ji rediyo ta mutu ana tsakiyar labarai. Baba ne ya buɗe bayanta da farcensa, ya zazzage batiran a hannu, ya tashi da sandarsa ya tako har inda surukinsa yake.

"Gwada waɗanga. Jiya na sa su."

Malam Ilu ya karɓa da hannu biyu. Ya sa su, ya mayar da roba. Hajiya ta yi wani dogon "zuuu" irin na ƙuruciyarta, ta turo ido. Baba ya koma, amma maimakon ya zauna kan buzu sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya gyara rawani, ya ɗaga haɓa. Ba wanda ya tuna masa abin da ya faɗa. Hajiya ta yi nazarinta yadda ta saba, ba jakin da ya gifta, ta ce "ƙyas". Malam Ilu ya sake dannawa don a samu na biyu, madubin ya yi baƙi. Nan ta cika, idonta a waje, ya ƙi komawa.

Da aka ciro katin da take ajiye hotuna, hoton ya fito. Zauren yana nan cif, da zankayensa da daginsa da tsagarsa, Baba a tsaye riƙe da rediyo marar batir, can cikin duhun ƙofa kuma ga rabin fuskar Turai tana leƙe. Da aka wanko shi aka kai masa, zauren ya riga ya zama fili. Baba ya daɗe yana dubawa, ya nuna wa jikokinsa wani gurbi a saman ƙofa inda kakansa ya danna tafin hannu a ɗanyar ƙasa. Sannan ya tambayi Malam Ilu ko ya taɓa ɗaukar tsohuwar rijiyar bayan unguwarsu, don ya ji ana maganar cike ta. Aka gaya masa Hajiya ta rasu. Ya ajiye hoton a cinya, ya ɗaga hannu ya yi wa surukinsa ta'aziyya sosai, irin wadda ake yi wa babban mutum.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ciwon baki, da igiyar rataya, da jakar atamfa da Turai ta ɗinka mata, da robar da ta yi jinyarta har ƙarshe. Ta bar hotuna masu yawan gaske, waɗanda galibin gidajen da ke cikinsu sun riga ta tafiya. Ta bar Malam Ilu, wanda har yanzu in ya ga tsohon soro hannunsa yakan tafi ƙirjinsa da kansa.

Game da jana'iza, an tuntuɓi limamin unguwa, ya yi bayani cikin natsuwa cewa ba a yi wa ƙarfe salla, iyali kuma sun karɓi fatawar. Za a yi zaman makoki ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar gidan Malam Ilu, ƙarƙashin darbejiya. Za a ɗaura igiya a rataye hotunanta, duk wanda ya gane gidan kakansa ya zo ya faɗi abin da ya sani a kai. Turai za ta yi waina, Baba Hamma ya aiko cewa zai zo daga Kurfi kuma shi zai buɗe taro da addu'a, don haka ana roƙon jama'a su zo a kan lokaci, Baba ba ya jira. Bayan an tashi za a kai ta makwancinta a saman kabad ɗin ɗakin Turai, tsakanin kwanukan tangaran, fuskarta tana kallon taga.

Masu zuwa da wayoyi an yarda su ɗauki hoto. Ana dai roƙonsu, saboda girman mamaciya, su yi daga gefe, kada su tsaya a gabanta suna yi, don har yanzu idonta a buɗe yake.