Madambacin Gwaggo Tabawa

Akwai wani mai walda a Funtuwa, Tasi'u, da ya sayo injin huda ƙarfe irin mai aiki da kwamfuta. Kwana huɗu da sauke shi a shago ko huda ɗaya bai yi da shi ba, amma duk unguwar babu kunnen da bai sha labari ba. Wai kai dai ka faɗa masa inda kake so, ka koma gefe ka naɗe hannu. Abin da gogan bai faɗa wa kowa ba shi ne, shi ma a waya yake kallon yadda ake saita abin, yana tsayarwa yana maimaitawa.

Ran nan da azahar sai ga Gwaggo Tabawa, yayar babansa, rungume da madambacinta, gindin duk ya cinye ya zube. Gobe sunan jikarta, kuma kaf dangi sun san suna a gidanta dambu ake zuwa ci. Tsaki an ɓarzo, zogale an gyara, madambaci kawai ya rage.

Ta ce, "Ɗan nan, samo fallen ƙarfe ka bubbula min da ƙusa ka liƙa. Sauri nake."

Ya ce, "Ƙusa? Haba Gwaggo, a shagon nan? Huda ɗari biyu, minti uku. Zauna ki sha kallo."

Ta zauna a benci. Tasi'u ya yanko falle, ya shimfiɗa katako a ƙasa don kada injin ya huda teburinsa, ya ɗaure gefe huɗu, ya ga ya karkace, ya kwance ya sake ɗaurewa. Sai kuma nuna wa injin inda zai fara: ya sa 'yar takarda a kan fallen, yana sauke bakin hudar a hankali a hankali yana jan takardar, har bakin ya kama ta.

Gwaggo ta leƙo ta ce, "Rubutu kake ba shi ya sha?"

Tasi'u ya ci gaba da saitinsa. Aka kira la'asar, ya je ya dawo, wata lamba ta ɓace masa, ya koma waya. Gwaggo dai sai gyaran zama take tana duban rana.

Can ya danna maɓalli. Injin ya ɗauki ƙugi, bakin hudar ya shiga sauka yana tashi, layi-layi, gwanin sha'awa. Sai dai fa duk a sama yake yi, tsakaninsa da fallen ya kai taƙi guda.

"Kai Tasi'u, ko bai ga ƙarfen ba ne? Ga shi nan a ƙasa!"

"Gwaji ne, Gwaggo. Ƙa'ida ke nan, sai an fara yi a iska an ga babu kuskure."

Maganar gaskiya, tsoro ne fal cikinsa. Bakin hudar ƙwaya ɗaya gare shi, in ya karye a gaban Gwaggo, kafin magariba labari ya gama dangi. Saboda haka ya sake gwajin. Ya kuma sakewa. A na ukun Gwaggo har ta fara gyangyaɗi.

Daga ƙarshe dai ya yi ta maza, ya sauke bakin daidai, ya yi bisimilla, ya miƙa yatsa zai danna. Ɗif! Aka ɗauke wuta. Janaretonsa kuwa, wannan ƙaton injin ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Kunya ta rufe Tasi'u, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce, "Amma Gwaggo, tsakani da Allah kin ga aiki. Huda ɗari biyu, har sau uku, babu kuskure ko ɗaya."

Gwaggo ta tashi, ta shafa fallen nan da tafin hannu, sumul kamar faranti. Ta gyara mayafi, ta ɗauki madambacinta ta saƙale a hammata.

Ta ce, "Na gani, ɗan nan, Allah ya yi albarka. Gobe kada ka karya a gida, ka zo da wuri da babban kwano. Ni ma a iska zan zuba maka, ludayi ɗari biyu, babu kuskure ko ɗaya."