Ranar da Na Sa Gidan Surukina a Kasuwa

Ni dillalin gidaje ne a Suleja, kuma a lokacin gani nake babu wanda ya kai ni iya sa talla ta fito a sahun farko a intanet. Aka ba ni wani gida a Gauraka in sayar. Ina zaune a zauren surukina, na je duba shi bayan an sallamo shi daga asibiti, na jera kalmomin da masu neman gida ke rubutawa, na danna taswira don in sa adireshin gidan, ban duba ba. Ashe inda nake zaune wayar ta nuna.

Tallar ta yi aiki. Kwana uku masu saye daga Abuja suna sallama a ƙofarsa. Wani har ya ƙwanƙwasa bango ya ce zauren nan sai an rushe shi.

Ya aika aka kira ni, na durƙusa. A hankali ya ce, "Malam, da kun ɗan jira. Likita ya ce da sauƙi."

Ya yafe mini. Amma har yau in na yi sallama, sai ƙannen matata su leƙo su ce, "Yaya, gaisuwa ce, ko da mai saye ka zo?"