Burtalin da Aka Kawo Na'inna

"…Lahiya lau, sai dai takaicin miji marar amfani," in ji Na'inna, ko kai ba ta ɗaga daga gyaɗar da take ɓarewa ba.

Jikanta Jamaluddeen ya jingine kekensa a jikin rumbu yana haki. Malamin makaranta ne a Tambuwal, amma a Sakkwato ya girma, shi ya sa lungunan Sanyinna, garin kakanninsa, har yau baƙi ne a wurinsa. Kakar tasa kuwa tun yana cikin zanen goyo take kiransa miji, shi ma da ya iya magana bai bar mata ba.

"Amarya, ko ruwa babu? Na tako keke tun daga Tambuwal don in ga haƙoranki biyu."

"Biyun sun isa in cije ka. Mi yak kawo ka? Na san ba so na ba."

"So ne mana. Wa zai ƙi mace mai kai kamar auduga?"

"Kai da sanƙo ya hwara cin kanka tun ba ka aje gemu ba? Zamna ka hwaɗi abin da ad da kai."

Ya zauna a bakin tabarma ya faɗa mata. Ya saya wa 'ya'yansa, Mardiya da Kamilu, ƙananan kekuna, amma kullum rijiyar tsakar gida suke zagayawa har jiri ya kwashe su. Titi kuwa na tireloli ne da tankoki, shi kansa yau sau nawa ya faɗa ciyawa don ya tsira da ransa. Ya ciro waya ya nuna mata wata ƙasa inda aka cire ƙarafan tsohuwar hanyar jirgi, aka bar ta shimfiɗe tsakanin itatuwa, uwa da uba da yara suna tafe a kekuna ba mota ko ɗaya.

Na'inna ta kai wayar har kusa da hancinta. Kore kawai ta gani, da wasu abubuwa suna motsi a ciki. Yanar ido ta riga ta cinye mata na hagu, na dama ma ya fara hazo, kuma ba wanda ta gaya wa yadda abin ya yi nisa. Tsoro take ji, irin wanda tsoho ba ya faɗa wa 'ya'yansa.

"Irin wannan nake nema, tsohuwa. Amma mu nan ina muka ga jirgi?"

"Muna da shi. Namu ƙaho gare shi."

"To, tsufa ya kai ƙarshe."

"Burtali nika nuhi, wawa! Hanyar shanu. Yanzu an yi girbi, Hulani sun baza dabbobi cikin gonaki suna cin kara, burtali ba kowa. Kofato ya daɓe shi kamar tsakar ɗaki. Akwai wani nan bayan gari da yan nuhi wajen Fakku, ta nan anka kawo ni gidan ga. Bisa keke."

"Ke? A keke? Ashe an ƙera keke lokacin? Na ɗauka a bayan jimina aka kawo ki."

"Keke baƙi, mai ƙararrawa, sabo hul. Ba irin wanga naka da ka kuka kamar akuya ba."

Tana faɗa tana murmushi, hannunta ya tsaya cak a cikin gyaɗa. Ta tuna ranar. Atu take so, kakan Jamaluddeen, Atu kuma aka ba ta, amma kukan rabuwa da gida ba ya tambayar wannan. An lulluɓe ta tun daga kai har gwiwa, aka ɗora ta a bayan keken Ɗangiwa, abokin ango, gwaggonni da ƙawaye suna biye a ƙasa suna guɗa. Shekaru sun shuɗe, Atu ya rasu, ita kuwa daga daka sai haihuwa sai biki, ba ta taɓa komawa ta wannan hanya ba, ko ganin gida a mota take zuwa. A mafarki kaɗai take bin ta, can ma fuskarta a rufe.

"To kwatanta mini," in ji Jamaluddeen.

"Ban iyawa. Ban gan ta ba."

"Kin bi hanya ba ki gan ta ba?"

"Amarya ka kallon hanya? Sai dai ka ɗauke ni in nuna ma."

"In ɗauke ki? Baba ya ji na ɗora uwarsa a keke, ai sai ya tsine mini."

"Ubanka ni nig goya shi har ƙafarshi na jan ƙasa. Shi hwaɗa min in ji."

"Taya za ta fashe."

"Ni da iska ka ɗauka in na hita babu dutse a zane? Ka dai ce ƙwabrinka ba ƙarfi. Miji ragon banza, a sawwaƙe min."

Ya buɗe baki zai rama, sai ya lura da yadda take miƙo masa wayar, gefe da inda hannunsa yake. Ya karɓa. Ya shiga ɗakinta ya ɗauko matashi ya ɗaure a kan kariyar bayan keke.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka bar gari. Na'inna ta zauna a karkace, ta riƙe ƙarfen sirdi da hannu biyu, tana zagin kowane rami da sunan jikanta. Can suka iso inda burtali ya rabu biyu, kowane reshe da shingen bini-da-zugu. Ya sa ƙafa ƙasa.

"Dama ko hagu, direba?"

Ta duba nan, ta duba can. Duka biyun hazo ne mai ruwan ƙasa. In ta ce ba ta sani ba, gida za su juya, kuma ta san idon nan ba zai jira wata kakar ba. Sai ta ja mayafinta ta rufe fuska ruf.

"Mene ne haka kuma?"

"Taka dai. Bi guda, jikina shi gaya min."

Ya bi dama. Ba su yi nisa ba ta dunƙule hannu ta buga masa a baya.

"Koma! Wagga tsakuwa gare ta. Tawa yashi ta, har Ɗangiwa yas sauka yana turawa yana nishi."

Suka koma hagu, kuma ga yashi. Jamaluddeen ya sauka yana turawa.

"Ka ji nishin, iri ɗaya," in ji ta daga cikin mayafi. "Gaba akwai gangare, rannan hawanshi munka yi, ka riƙe burki. In ka kada ni, sai ka biya diyyar budurwa."

Gangaren ya zo. Iska ta shiga mayafin, ta kawo warin tsohon kashin shanu da ƙanshin danshi daga fadama. Na'inna ta ji kamar nauyin shekarun ya sauka daga kafaɗarta, har ta fara jin guɗa can baya, nesa-nesa. Sai wani sanyi ya sauko mata a ka.

"Tsaya. Tsamiya ta ko?"

Jamaluddeen ya ɗaga kai. Tsamiya ce, babba.

"Nan keke yat tsaya rannan," in ji ta a hankali. "Mun bar gwaggonni baya. Naj ji raɗa, naj ji an sauka an hau. Ɗangiwa ƙato na, bayanshi ya tare min iska duka. Wanda yah hau kuwa siriri na, bai ko iya tuƙi sosai ba, sai kaɗa ƙararrawa shika yi, ba mutum ba dabba a hanya."

"Kaka Atu? Ango da ya kamata ya ɓuya?"

"Marar kunya, irinka. Sai bakin gari yam maida wa abokinshi. Har yab bar duniya yana zaton ban sani ba."

Jamaluddeen ya yi dariya har ya dafa tsamiyar. "To buɗe ki ga wurin."

Ba ta buɗe ba. Hannunta yana kan bakin mayafin. Muddin fuskar a rufe take, hanyar tana nan yadda ta ajiye ta. In ta buɗe ta tarar hazo ne kawai fa?

"Amarya?"

Ko tari ba ta yi ba.

"Au, na gane. Sai an sayi baki." Ya laluba aljihu. "Goro na ƙare. Alewa yara sun cinye. Ke kuwa da tsada kamar ba bazawara ba."

Ta ji ƙarar ƙarfe yana kwancewa, sannan aka sa mata wani abu mai sanyi a tafin hannu. Ƙararrawar kekensa ce.

"Kin ci, tsohuwa. Iyakar dukiyata ke nan."

Dariya ta kuɓuce mata, mayafin ya zame da kansa. Ta runtse ido, ta buɗe. Ba ta ga ganye ɗai-ɗai ba, amma ta ga tsamiyar, baƙa, ta cika sama. Ta ga burtali ya miƙe fari tsakanin shinge biyu har fadama, rana ta kwanta a kansa ja, ga wasu fararen abubuwa suna tashi da ta san balbelu ne. Ta daɗe tana kallo, tana zuba shi a rai kamar mai cika rumbu.

"Ashe abin da shika kallo ke nan," in ji ta, ta share ido da bakin zane. "Shi ya sha kallo, ni na sha kuka."

"To ya hanya? Ta yi wa yara?"

"Kawo su ran Asabar. Amma matashin ga kar ka kwance shi."

Ya hau, ta gyara zama, ta tura mayafin can bayan kai.

"Taka a hankali, miji. Wanga karon kallo nika yi."

Suka gangara wajen fadama, tana ta kaɗa ƙararrawa, ba mutum ba dabba a hanya.