Yadda Sabuwar Tayata Ta Zama Agwagwa

Masu karatu, yau na wayi gari na mallaki agwagwa, ban saya ba, ba a kuma ba ni kyauta ba. Na sauko daga benenmu da safe da niyyar in ɗauki sabuwar tayar babur ɗina in kai wa mai faci ya ɗaura, sai na tarar da ita zaune a tsakiyar furanni a ƙofar gida. An tsaga ta, an juyo cikinta waje, an fitar mata da dogon wuya da fukafukai, an shafe ta da farin fenti. Har jan baki aka yi mata. Na tsaya ina kallonta, fentin ma bai gama bushewa ba.

Bari in koma baya kaɗan don ku san girman abin da ya same ni. Ina da babur irin na doguwar tafiya, ƙato, mai akwati biyu a gefe da majingina a kujerar baya. Na hannu ne daga Jamus, kuma a duk ƙasar nan shi kaɗai na sani da in ya ce zai tashi yake tashi. A ƙarshen watan nan ni da mai ɗakina Viorica ne iyayen biki a auren 'yar ƙanwarta, can bayan duwatsu. Mu za mu riƙe kyandir a bayan ango da amarya, in ba mu isa ba limamin coci ba zai fara komai ba. Tun bara kuwa, da faci ya shanya mu a gefen hanya wuni guda, Viorica ta gindaya mini sharaɗi: in babur ɗin nan ya sake ba ta kunya, za a sayar da shi a sayi 'yar ƙaramar mota irin ta kowa. Viorica ba ta maimaita magana, ni kuma raina na kan babur ɗin nan.

Ramin da ke kan layinmu ne ya ƙarasa tsohuwar tayar baya, wadda dama ta suɗe. Ba na zargin ramin. A gabanmu ya girma, ɗan unguwa ne. Magajin garinmu, Mai Girma Uban Alkawari, Allah ya ƙara masa lafiyar maƙogwaro, ya rantse zai cike shi tun ina da gashi a ka, kuma ni shaida ne bai taɓa janye rantsuwar ba. Duk zaɓe sai ya sabunta ta.

Na tura babur wurin Nea Sandu, wato Kawu Sandu, mai faci. Da ya faɗa mini kuɗin taya mai kyau sai na nemi kujera. Kusan fanshona ne na wata, ya kuma ce in ina yawo yadda na saba, kada in sa ran ta wuce shekara da 'yan watanni. Akwai wata mai araha wadda shi kansa bai iya faɗin sunanta ba, amma ya ce in an yi ruwa sabulu ya fi ta riƙe kwalta. Sannan ya rage murya ya nuna mini wata a kusurwa. Tayar mota ce, girmanta ya yi daidai da wilina. Rabin kuɗi, ga ƙarko na shekaru. Ya ce wasu masu doguwar tafiya suna yin haka a ɓoye, ko da yake masu ƙera taya da masu duba ababen hawa ba sa ko son jin zancen.

"Sai dai ka sani, Aurel," in ji shi, "tayar babur bayanta a zagaye yake don ta kwanta da kai a kwana. Wannan kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, miƙaƙƙiyar hanya take so. A kwanar dutse kokawa za ku yi, kuma ban san wa zai kayar da wani ba."

Nea Costel, tsohon direban bas da ke wuni a shagon yana shan kofin da ba shi ya saya ba, ya sa baki. Ya ce in sayi ta motar kawai, ai babbar hanyar da za a fasa duwatsu a shimfiɗa ta kusa, miƙaƙƙiya ɗoɗar, ba kwana ko ɗaya. Da gaske yake, ya ga hotonta a allon talla. Ni ma na gani, hanya ce kyakkyawa ƙwarai, ba a taɓa yin hatsari a kanta ba. An yanke ƙyallen fara aikinta har almakashin ya dakushe, aka yi odar sabo daga waje, aka kuma tura tawaga ta rako shi. Na ce wa Nea Costel bikin a ƙarshen wata ne, ina jin tsoro kada amarya ta yi jikoki muna jiran a gama.

Duk da haka arahar ta shiga raina, na kai maganar gida a hankali, bayan an ci an ƙoshi. Viorica ta ce ba wanda zai ɗora ta kan tayar mota a kwanonin duwatsun nan, tana da sauran aiki a duniya. Sai na ɗauki kuɗin da na ware don sabon kwat na biki na yi odar taya ta gaske. Da aka kawo ta jiya, Viorica ta ce warin roba ba zai kwana mata a falo ba. Na ajiye ta a ƙarƙashin matakala, kusa da tsohuwar, wadda na ɗauko daga shago saboda Tanti Floarea, gwaggon nan ta ƙasan bene, ta roƙe ni ita.

Kun san Tanti Floarea ko da ba ku san ta ba, kowane bene yana da tasa. Duk agwagwar taya da ke lambunmu ita ta yanka da wuƙar kabeji. To, ashe an sanar da unguwa cewa Mai Girma Sarkin Almakashi, babban mutumin nan mai yanke ƙyallen ayyuka, zai bi ta layinmu yau da rana, kowane bene ya gyara fuska. Tun shekaranjiya ake shafa farar ƙasa a gindin bishiyoyi da bakin titi. Ramin kuwa aka ajiye motar shara a kansa, don kada ya ɓata wa baƙo rai.

Na sami Tanti Floarea da burushi a hannu, na tambaye ta cikin ladabi wace taya na ba ta.

"Aurel ɗana, ai biyu na gani," in ji ta. "Ɗaya ta suɗe kamar kan marigayi mijina, ɗaya kuma da zanenta rangaɗau. Babban mutum zai wuce, sai mu nuna masa agwagwa mai sanƙo? Me za a ce da benenmu?"

Da na faɗa mata abin da ta yanka, sai ta zauna a bakin matakala ta rufe fuska da gyale. Ta shiga ɗaki ta fito mini da kwalba biyu na zakuska, haɗin gauta da tattasai na shafa wa burodi, irin wadda take ɓoyewa don baƙi na musamman. Haushi ya cika ni har wuya, amma na rasa inda zan sauke shi. Matar da ta raini rabin yaran benen nan ba ta cancanci tsawa ba, na karɓi kwalaben na ce ba komai.

Da rana aka ji jiniya. Tanti Floarea ta tsaya kusa da agwagwar cikin kayanta na coci tana ɗaga hannu. Motoci masu baƙin gilashi suka wuce da gudu, suka kauce wa motar shara da gwaninta irin ta waɗanda suka san abin da ke ƙarƙashinta. Ba wanda ya sauke gilashi. Ina yaba musu, aikin jama'a ya yi musu yawa, ba su da lokacin kallon jama'a.

Hawa benen nan bai taɓa yi mini nisa kamar yau ba. Ba ni da kuɗin wata tayar babur, Viorica ta haramta ta mota, biki kuma ba ya jira. Na shiga na sami Viorica a kicin tana naɗa sarmale, wato nama a cikin ganyen kabeji. Ta riga ta ga komai ta baranda. Na ce mata, da murya irin ta mai kai ta'aziyya, ko in nemi wanda zai sayi babur ɗin.

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce in je in ce wa Sandu ya ɗaura ta motar. Ba za mu hau duwatsu ba, za mu zagaya ta fili inda hanya take a miƙe, mu tashi tun da sauran kwanaki, mu tafi a hankali. Na tuna mata sharaɗinta, don ban yarda da kunnena ba.

"Kai mutumin nan, ka ɗauka son motar nake yi?" in ji ta. "A mota kana gefena bakinka a buɗe, daga nan har gidan biki ina shan labarin ramuka da manyan mutane. A kan babur kuwa hular kwano na rufe da kai, ba abin da nake ji sai iska. Can kaɗai nake hutawa."

Daɗi ya kama ni, babur ya tsira, har na sumbaci goshinta. Sai da na kai rabin hanyar shagon Nea Sandu sannan maganar ta gama isowa inda aka aiko ta. Saboda haka, masu karatu, ku yi haƙuri da ni. Abin da hular kwano ke tare wa Viorica, ku ake juye wa.