Agogon Kawu a Cikin Safa

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ɗan gwaggona a unguwar Utaibiyya ta nan Makka ba, ranar da ƙarti suka danne ni a gaban farantin shinkafa ana yi mini ruƙiyya, alhali lafiyata lau.

Ni mutum ne mai saka abu a rai. A unguwar Nakkasa aka haife ni, karatuna bai wuce firamare ba, yanzu ina tsaron wani shagon dardumai da carbi a Aziziyya. In na kulle shagon nan na kama hanya, sai na dawo na girgiza kwaɗon, wani lokacin ma na sake dawowa. Matata Habiba ta daɗe da daina magana a kai.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, Kawu Bashir. Ya yi shekaru yana harkar motocin alhazai, da ya huta sai ya koma tara tsofaffin agogunan hannu, irin waɗanda aka daina ƙerawa tun kafin a haife ni. Ba ya ɗaura su. Sai dai ya jera su a kan ƙyalle, ya kara wannan a kunne, ya goge wancan, yana yi musu magana kamar jikokinsa. A cikinsu akwai wanda ya fi so, na zinariya, mai ƙananan fuskoki a cikin babbar fuska. Yana nuna rana da wata da shekara ta lissafin Miladiyya, ya san wata mai talatin da mai talatin da ɗaya, har shekarar da Fabrairu ke ƙara kwana ya sani, ba tare da an taɓa shi ba. Babu batir a cikinsa, motsi yake ci. Kawu yana ajiye shi a wani ɗan akwati mai lantarki da ke jujjuya shi a hankali.

Sai akwatin ya lalace daidai lokacin da Kawu zai tafi Jidda a yi masa aikin ido. Ya kira ni gidansa, ya ɗora mini agogon a tafin hannu.

"Kai na zaɓa, ɗan 'yata ba zai iya ba, wasa ya yi masa yawa," in ji shi. "Abu ɗaya nake so: kada ka bari ya tsaya. In ya tsaya lissafinsa ya rikice, sai an kai shi gun mai gyara, ni kuma ba na son baƙon hannu a jikinsa. Ka ji?"

Na ce, "Na ji, Kawu." Ina da tambayoyi cike da baki, amma na dubi mutum zai shiga hannun likitoci, na ce ba zan ƙara masa damuwa ba. (Ka lura, nan ne wurin da mai hankali zai yi tambaya.)

Ina isa gida matsalar ta bayyana. Agogo yana son motsin hannu, agogo kuma zinariya ne, ni kuwa namiji ne. Na samu Malam Nasiru, wani ɗalibin ilimi ɗan Sakkwato da muke salla a masallaci ɗaya, na yi masa tambayar a dunƙule, ban faɗi abin da ake ciki ba. Ya ce riƙewa da ajiyewa babu laifi, ɗaurawa ce bai halatta ga namiji ba. Na ce to in an ɗaura a kan hannun riga fa? Ya dube ni, ya ce, "Ya shehi, ka bar neman ƙofa, ka ba iyali."

Na ba iyali. Habiba ta ɗaura shi da safe, ni kuma na bi ta kicin. Za ta wanke kofi, na ce ruwa. Za ta soya albasa, na ce mai. Ta zauna ta huta, na ce, "Habiba, ɗan motsa hannun mana." Kafin azahar ta kwance shi ta miƙo mini.

"Ungo kayanka, Abban Maryam. Ni dai ba agogo aka aura mini ba."

A nan dabara ta zo mini. Na samu safa mai kauri, wankakkiya, na zura agogon a ciki na ƙulle bakin. Ban ɗaura ba, riƙewa na yi. A shago ina lilo da ita kamar mai zagayawa da turaren wuta, a hanya ina lilo, a gida ina lilo. Wani alhaji ɗan Indunusiya ya tsaya yana kallona, har ya tambayi ko ita ma ta sayarwa ce. Ko barci na yi, sai na farka a firgice na kara safa a kunne. In na ji tik-tik ɗin nan sai na ce alhamdu lillahi, na ƙara mata 'yar girgiza don ko-ta-kwana.

Haka har ranar walimar ta zo. Barin agogo a gida ba zai yiwu ba, shiga taron dangi ina lilo da safa ma ba zai yiwu ba. Sai na saka ta a aljihun gaban jallabiyata, na yanke shawarar ni da kaina zan zama akwatin Kawu. In na motsa, ya motsa.

Aka shimfiɗa ledoji, aka kawo manyan farantai na shinkafa da rago, muka zauna zagaye. Ni ina rangaji: gaba, baya, hagu, dama. A ganina a hankali nake yi, ba wanda zai lura. Ashe tun daga ƙofa ake nuna ni. Ga shi kwanakin nan ban samu barcin kirki ba, idanuna sun yi ja sun faɗa. Wanda ke kusa da ni ya yi mini sannu irin ta Larabawa ya ce, "Salamat, lafiya kuwa?" Na ce lafiya, ina ci gaba da rangaji, domin in na tsaya amsa masa, agogo ma ya tsaya.

Wani dattijo, abokin marigayi babana, Baba Sale, ya taso ya dafa kaina ya fara karatu. Ban iya ce masa ya bari ba, wa zai hana dattijo karanta Alƙur'ani? Na sunkuyar da kai ina jin karatu, ina rangaji. Sai na ji ya ce, "Ku kawo zamzam."

Ina ganin an buɗe gora an nufo ƙirjina da ita, na yi zumbur na tashi na ja da baya, na rungume aljihu.

Wani ya ce, "La haula! Zamzam yake gudu!"

A Makka, in mutum ya guji zamzam, ai magana ta ƙare. Samari suka yi kaina, aka kwantar da ni, wannan ya riƙe hannu, wancan ya danne ƙafa. Baba Sale yana daka tsawa, "Fita! Wane ne kai? Fita daga jikin yaron nan!" (Yaron nan kuwa furfura ta fara fito masa.) Ni abin da ya dame ni ba kunyar ba ce tukuna. An hana ni motsi. Ina kwance ina ƙoƙarin karkaɗa kafaɗa ko kaɗan, su kuma suna cewa, "Ku riƙe, yana turjiya!"

Sai na ji muryar da na sani: "Me ɗan 'yar'uwata ya yi muku?"

Kawu Bashir ne, da baƙin tabarau, surukinsa na riƙe da hannunsa. An sallame shi daga asibiti, ya ce ba zai rasa walimar ba. Aka sake ni. Na tashi zaune, shinkafa a hannun riga, na zaro safa daga aljihu a gaban dangi kaf, na kwance ƙullin, na miƙa masa.

"Bai tsaya ba, Kawu."

Ya kara a kunne. Ya sa surukin ya karanta masa rana da wata, suka fito daidai. Na ba da labari tun daga Malam Nasiru har zuwa rangaji. Kawu ya yi dariya har ya dafe tabarau yana cewa, "Ka bari, likita ya hana ni!"

Da ya numfasa ya ce, "Ya habibi, ka ga ɗan kan nan na gefe? In ka murza shi kaɗan da safe, ya ishe shi har jibi, ko a kan tebur yake kwance. Me ya hana ka kira ni?"

Na ce, "Ban so in dame ka ba."

Ya jawo kaina ya sumbaci goshina. Baba Sale kuwa ya ce tunda an riga an buɗe zamzam, in sha, domin wannan ma ciwo ne. Na shanye.

Har yau yaran dangi Abu Safa suke kirana, kuma na daina musu. Abin da na koya shi ne, in aka ba ka amana, ka dami mai ita da tambaya tun yana tsaye a gabanka. Damun mutum ɗaya ya fi sauƙi a kan tayar da walima guda.