Hular Mai Girma da Albasar Attahiru

Jiya rabin yinina a layin mai na yi shi a Jega, ni da maƙwabcina Attahiru, muna ta jan galan ɗaya a ƙasa. Ba mota gare mu ba, ba babur. Janareton shagon intanet za mu shayar, domin tun da mai ya yi wuya mai shagon, Rufa'i, ya kafa doka: duk mai son leƙa duniya ya zo da nasa man.

Albasa ce ta kai mu. Bana Attahiru ya noma ta a Aliero har ta ba shi tsoro, ja wur, manya-manya. Ya ƙi sayarwa da arha lokacin da kowa ke sayarwa, ya jibge ta a rudu, rumfar da ake ajiyar albasa, yana jiran ta yi daraja. To ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, kuma ko yaye aka yi wa ɗan Aliero jiya ya san abin da damshi ke yi wa albasa. Ana cikin haka wani direban babbar mota ya haɗa shi da wani attajiri a Kumasi mai son kwashe rudun gaba ɗaya. Sharaɗinsa guda ne: ba zai turo mota tun daga can ba sai ya ga kayan, kuma ai ya ji labarin muna da shafi a intanet.

Muna da shi kuwa, Allah ya saka wa manyanmu. Watan jiya Kwamitin Kai Albasa Duniya ya ƙaddamar da shi, da rumfuna da makaɗa, aka kwaso jama'a tun daga Maiyama don su yi tafi. An bi gona-gona an ɗauki hoto, har da rudun Attahiru. Shi ne muka ce bari mu je mu ga abin da mutumin Kumasi zai gani.

Rufa'i ya juye man, janareto ya tashi, muka zauna gaban na'ura. Hoto ya fara saukowa daga sama, layi-layi, kamar ana saƙa tabarma. Muka jira. Can wani abu mai zane ya bayyana, ya cika allon daga wannan gefe zuwa wancan.

Attahiru ya matso da fuska. "Rufa'i, wanga kuma mi na?"

"Hular Mai Girma Shugaban Kwamiti ta, Baba Attahiru."

"To ina albasa?"

"Tana ƙasa. Sai mun wuce shi tukuna."

Muka ga hula sarai, har zaren da ya ɗan fita a bayanta. Muka ga goshi. Muka daɗe a kan tabarau. Da muka iso aikin wuyan babbar riga, sai na ce wa Rufa'i ko zai gaya mana wane maƙiyin manoma ne ya tsara wannan shafi. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ne, kwamitin ya ba shi aikin.

Ni da na zo da faɗa sai na koma sauraro. Ya ce hoto ma kamar kaya yake, kowane da mazubinsa. Akwai wanda ake kira JPEG, na hoton kyamara, ba shi da nauyi kuma launi ba ya lalacewa. Akwai GIF, na tambari da zane, launukansa kaɗan ne, in ka cusa masa hoton kyamara sai ya fito da dabbare-dabbare. Akwai kuma PNG, mai tsabta, har ana iya yanke mutum a ɗora shi kan wani hoton, amma in hoton babba ne nauyinsa sai jaki. Shi shawarar da ya kai ita ce a sa albasa a sama cikin JPEG, Mai Girma kuma ɗan madaidaici a gefe.

"Da sunka ji haka sai sunka yi zama na musamman," in ji Rufa'i. "Sunka ce a wace kalanda anka taɓa ganin shugaba ƙarƙashin kayan miya? A sa shi bisa, tun daga hula hat takalmi, kada zare guda na aikin rigar shi ɓace. A yanke shi a tsai da shi tsakiyar gona. Da nic ce shafin ya yi nauyi, sunka ce a matse albasa, sai nis sa ta cikin GIF."

Ni dai ban ga laifinsu ba. Mutum ya sha wahalar zama shugaban kwamiti, ya ɗinka riga ta musamman, sannan a ce albasa, abar da ko gaisuwa ba ta iya ba, ta hau kansa?

Sai dai gonar da aka ce yana tsaye a cikinta ban gan ta ba. Bayansa toka-toka ne fetal, kamar an jingina shi da bangon siminti. Rufa'i ya ce wannan kuma halin burauza ne, wato manhajar da ke buɗe shafi. Sabuwa ta san an yanke bayan hoton, sai ta nuna gona kore shar. Tsohuwa, wadda ke kusan kowane shago daga nan har Kumasi, ba ta san wannan dabara ba, sai ta shafe wurin da toka. Ya kai ƙara, aka ce masa a na'urar Mai Girma lafiya lau take fitowa, wanda ya ga bango ya sake na'ura.

Muna kan takalmi janareto ya fara tari. Attahiru ya shiga salati a hankali. Ƙarƙashin takalmin sai ga albasa, ɗan hoto kamar kwalin ashana. Rudunsa ne, na gane shi da itacen da ke gefe. Amma albasar nan da na san jarta da idona ta fito da ɗigo baƙi-baƙi da shuɗi-shuɗi, kamar wadda ta kwana biyu a kwata.

"Wagga ba tawa ba ta," in ji Attahiru. Nan take janareto ya mutu.

Muka nufi mai wayar haya a bakin kasuwa, Attahiru ya kira Kumasi don ya riga attajirin. Ashe an riga shi. Mutumin ya ce ya shiga shagon intanet ya zauna har ƙafarsa ta yi sanyi, ya ga kayan, kuma shi ba ya sayen ruɓaɓɓiyar albasa, ya ma riga ya tura motarsa wani gari. Attahiru ya rantse, ya ce a tambayi direba. Attajirin ya ba shi haƙuri. Har zai ajiye waya sai ya ce, af, don Allah a bincika masa wanda ya ɗinka hular nan, yana son irinta.

Wallahi tausayin Attahiru ya kama ni. Noman shekara ke nan, da shi zai rufe ɗakin da iska ta yaye masa. A motar komawa Aliero galan na kan cinyarsa, yana ta kallon gabas.

Na ji an ce labarin ya kai kunnen kwamiti, kuma sun yi murna ƙwarai. Za a yi taro a sanar da jama'a cewa shafin ya jawo mai saye na farko daga ƙasar waje.

Da asubar yau aka yi ruwan farko. Na leƙa rudun Attahiru da hantsi, na tarar da shi tsugune yana tsince waɗanda suka fara baƙi yana jefarwa gefe. Masu cewa kwamitin ƙarya ya yi wa duniya su ji tsoron Allah. Hoton gaskiya ne, sauri kawai ya yi. Nan da Juma'a albasar za ta kamo shi.