Ranar da Kunya Ta Hana Ni Cin Tuwo a Wara

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar maigidana a Wara ba. Cikina wata shida a lokacin, ga ciwon suga, ga wata 'yar na'ura da likita ya liƙa mini a kwiɓi, mai tura maganin suga, wato insulin, ta siririn bututu a ƙarƙashin fata. Dokarta ɗaya ce: in ka latsa ka shaida mata za ka ci abinci, to ka ci. In ba ka ci ba, suga ya faɗi, ni da abin da ke cikina mu shiga uku.

Dangin miji ba wanda ya sani. Ni na hana maigida faɗa, wai kada a ce ya kwaso majinyaciya daga Yelwa.

Da azahar aka kawo mini tuwon shinkafa da miyar kifi a ɗaki. Na ɗaga zani na latsa na'ura, na wanke hannu. Sai ga Inna, uwar mijina, ta shigo da ƙawayenta, ta zauna daf da ni. To wa ke cin abinci gaban suruka? Na ture kwano na ce alhamdulillahi na ƙoshi (ni da ko ƙamshin ban gama shaƙa ba).

Hira ta miƙe. Gumi ya fara keto mini, ina ta murmushin 'yar mutunci. Can sai kwiɓina ya fara ƙara, ɗit, ɗit. Na ce waya ce. Inna ta dubi wayata da ke caji a kan taga, ta dube ni. Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Da na ga ɗakin ya fara juyawa, na kwance bakin zani na nuna musu, na faɗi komai cikin in'ina. Inna ta yi wuf ta ɗura mini lemon kwalba. Sannan ta jawo kwanon nan ta ce, "Ɗiyar ga, jikana za ki kashe don kunyata? Buɗe baki."

Haka ta yi ta ba ni loma a baki, tana cire mini ƙayar kifi, tsofaffi na kallo suna ƙara mini miya.

Tun ranar na gane cewa matar da ta ƙi cin loma ɗaya gaban suruka, ƙarshenta kwano guda za ta cinye a hannunta.